Asenaca, Wadda Ta Hana Ni Sauka

Kullum da safe Asenaca Rokovada kan hau matakalar hasumiyar filin jirginmu da dafaffen rogo a ƙunshe. Ta zauna, ta maƙala rediyo a kunne, ta shiga jera jiragen da za su sauka. Wannan makon ta ajiye aiki. Fasinjojin da ta sauke lafiya ba su san ko sunanta ba.

Ni kuwa na sani, don taubashiyata ce, kuma ƙaramin jirgi nake tuƙawa zuwa tsibiran Lau. Babban jirgi in ya wuce, yakan bar wata iska mai murɗawa a bayansa. Ido ba ya ganinta, amma tana iya kifar da irin nawa kamar faranti. Shi ya sa ake ba da tazara. In gari ya yi tsit, babu iskar da za ta kore ta, Asenaca har ƙari take yi a kan ƙa'ida.

"Uwar jira, sai na yi furfura a sama?" nakan ce mata.

"Josateki, da wane gashin? Zagaya!"

Wata safiya na ɗauko Mereoni, wata mai jego da jini ya ɓalle mata, tare da mijinta da jaririyarsu da wata nas. Asenaca ta kawar mana da kowa daga hanya, sai wani ƙaton jirgi daga Sydney da ya riga ya sako kai ƙasa. Ko ganyen kwakwa ba ya motsi.

"Ƙara zagaye ɗaya," ta ce.

"Asenaca, matar nan tafiya take yi! Don Allah ki bar ni in bi bayansa."

"Na ji ka, ɗan'uwana. Zagaya."

Ba ta janye ba. Na zagaya, mijin yana kiran sunan matarsa a bayana. Mereoni ta cika a ƙofar asibiti.

Ba wanda ya tuhume ki, Asenaca. Ke ce da kanki kika shiga jirgin ruwa zuwa tsibirinsu da tabarmin gaisuwar mutuwa, kamar yadda al'adarmu take, kika durƙusa gaban mijin, kika ce, "Ni ce na ce a jira." Ina wurin. Ya karɓi tabarmin, bai ɗaga ido ya dube ki ba. Kika koma bakin aiki, kika ci gaba da hana mu, ba ki taɓa rage tazarar nan don ki samu sauƙin zuciya ba. Wallahi ni da ba zan iya ba.

A walimar sallamarta, ana zagayawa da ƙoƙon kava, abin shanmu na gargajiya, ana waƙa, ta matso kusa da ni.

"Da na bar ka ranar nan fa?"

"Ban sani ba," na ce. "Ƙila ta rayu. Ƙila a binne mu duka."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Shekara da shekaru tana ɗauke da tambayar nan ita kaɗai, kuma babu mai amsa mata.

Na gode, taubashiya. Matata da 'ya'yana sun gode, duk da ba kya son jin haka. Ku kuma matasan da kuka gaji kujerarta, ku yi koyi da ita. Wata rana ɗayanmu zai roƙe ku yana kuka, kuma da gaskiyarsa. Ku ce masa ya zagaya.