Mizajur Ta Kama Muttaƙa Ranar Kasuwa

Muttaƙa ɗan garin Kwaya ne, ɗan Zulfa mai ƙuli-ƙuli. Ya yi lakwal har koleji a Magariya, jarrabawa ta kada shi, ya dawo gona. Gyaɗar damina biyu ya haɗa ya sayo tsohuwar odinatar, wato kwamfuta, da injin fidda takarda, ya kafa tebur a kasuwar Dungas. Mai wasiƙa, mai katin suna, mai neman aiki, duk wurinsa suke. Har Mushe ake ce masa, kamar wani malamin lakwal.

Hannunsa da sauri, wannan ba a ƙi ba. Amma jan ƙafa, Allah Ya raba mu! Ita odinatar ɗin, lokaci-lokaci takan nemi a bar ta ta gyara cikinta, mizajur suke cewa. Kuma da ladabinta take tambaya: wace rana kake so, ƙarfe nawa? Shi kuwa ranar kasuwa kaɗai yake buɗe ta. Kasuwa na watsewa ya naɗe ta a zanen matarsa ya cusa ƙarƙashin gado. In ta tambaya, ya danna "sai anjima". Sati bakwai fa! Kamar mai tara salla yana cewa zai rama.

Ran nan, ranar kasuwa, Dije, ƙanwar uwarsa, ta taso daga Guci da ɗiyarta Rukayya, mai neman shiga makarantar ungozoma. Takardun yarinya suna cikin odinatar ɗin tun wancan satin, fiddawa kawai ta rage, a kai meri, ofishin magajin gari, a buga musu hatimi kafin azahar. Ranar ce kuma ta ƙarshe.

Yana kunnawa, fuskar abin ta yi shuɗi, wasu ƴan ɗigo suka kama zagaye. Wannan karon ba ta tambaye shi ba, mizajur ɗin kawai ta kama.

"Me take cewa?" in ji Dije.

"Inna, wai kada a kashe ta. Minti biyar ne."

"Biyar ɗin ƙaniyarka! Tun wancan satin me ya hana ka fiddawa?"

Muttaƙa ya yi ta fifita odinatar ɗin da hularsa, zufa na ɗiga a kan tebur. Lambar da ke ƙirge a fuskarta ta kai talatin ta tsaya cak, odinatar ta mutu, ta taso, ta sake daga ɗaya. Mai tsiren da ke gefe ya leƙo ya ce, "Mushe, ko haihuwa za ta yi? Ga ungozoma a kusa."

Rukayya ba ta yi dariya ba. Ladan ya kira azahar, abin na zagaye. Sai bayan la'asar odinatar ta buɗe, fes, ko kunya babu.

Yanzu, wai, ya sa wa odinatar ɗin jajibirin kasuwa, ya buɗe ta a gida ta gama abinta. Ashe ya iya! Tir. Rukayya dai tana Guci tana ɓarar gyaɗa, sai baɗi in da rai. Dije kuwa ko ya durƙusa har ƙasa yana gaishe ta, tsaki kawai take ja ta wuce.