Gwamen Mota da Igiyar Ragon Suna

Anka

Ranar Asabar, ƙarfe shida saura kwata na asuba, muka tashi daga Anka: Yaya Bello a sitiyari, Inna kusa da shi, ni a kujerar baya. Na huɗunmu rago ne, ɗaure a bayan mota. Ƙanwarmu Hadiza ta haihu a Gummi, Yaya ya yi alkawarin ragon suna, surukai kuma sun ce za su jira mu zuwa ƙarfe goma. In mun wuce haka akuya za su yanka, a ce dangin uwa sun gaza.

Mako guda kafin nan Yaya ya sa aka ɗaga motar, a-kori-kura ce, aka ƙara mata tsawon taƙi guda saboda ramukan damina. Sai da aka kawo turmi Inna ta taka ta hau. Muka jefa turmin a baya, saboda sauka.

Tun ba mu bar gari ba motar ta fara jan hagu. Yaya ya riƙe sitiyari a karkace, tayoyin gaba na kuka a kan kwalta. Inna ta ce, "Motag ga bahaguwa ta." Ya ce sabon ƙarfe ne, zai zauna. A shingen farko jami'in da ke tsakiyar hanya ya yi tsalle gefe, sannan ya tambayi Yaya ko sun taɓa faɗa.

Bukkuyum

Ƙarfe takwas saura minti goma muka shiga Bukkuyum, domin gudunmu bai wuce arba'in ba. Aka nuna mana wani dattijon makaniki, Malam Iro. Ya tsuguna ya dubi tayoyin gaba, ya ce motar ta yi gwame: wanda ya ɗaga ta bai sake saita ƙafafun ba. Gyaran yana buƙatar doguwar igiya, a ja ta daga tayar baya zuwa ta gaba a ga inda aka kauce. Tasa kuwa iyalinsa sun yi shanya da ita. Sai ya ɗaga kai ya dubi rago.

Yaya ya ƙi. Inna ta dubi rana, ta ce a kwance igiyar ragon.

Na riƙe bakin igiya ɗaya, Yaya ɗaya, Malam Iro yana ƙasa yana juya sandar sitiyari da sifana. Minti arba'in cif. Sai muka ji Inna daga cikin mota: "To, wa ka riƙon ragon?"

Muka zagaya da gudu. Murfin baya a buɗe yake tun da aka kwance igiyar. Ga rago tsaye a baki, ba igiya, yana leƙen ƙasa, yana ja da baya. Sau uku ya gwada, tsawon ya fi ƙarfinsa.

Yaya ya gyara hula ya ce, "Kun dai ga amfanin ɗaga mota."

Gummi

Ƙarfe goma saura minti takwas muka tsaya a ƙofar gidan surukai, sitiyari a miƙe. Mun tarar an riga an fito da akuyar, ana wasa wuƙa. Aka mayar da ita turke, aka yanka rago, yaro ya ci suna Usman.

Washegari bayan la'asar muka iso Anka lafiya, mun gode Allah, mun gode Malam Iro. Tayar gaba ta hagu ta cinye ta gefe guda, an sauya ta ranar Litinin. Turmin Inna har yau yana cikin motar.