Marfin Gwangwanin da Na Cusa a Kwamfutar Ɗana

Shekara talatin da wani abu na yi ina ɗaukar kayan fashewa daga kasuwar Illela zuwa Ƙonni: tangaran, kofunan gilashi, filas ɗin shayi. Abin da sana'ar ta koya mini shi ne, duk inda ka bar sarari a cikin kaya, nan zai fashe. Sai ka cike shi da tsumma ko kwali ko duk abin da hannunka ya kai. Yanzu gwiwa ta zaunar da ni, amma idona bai daina neman sarari ba.

Ɗana na fari shi ne ya haɗa kwamfutar, a bazarar da ta wuce. Ba na kiran sunansa, kamar yadda mahaifina bai kira na yayana ba, kuma ban taɓa yaba masa a gabansa ba. Yana aji uku na sakandare na cire shi don ya riƙa bina da kaya. Ran da ya saki kwalin filas a bakin iyaka na ce masa, a gaban mutane, hannunsa ba ya riƙe komai. Na maimaita maganar nan fiye da yadda zan iya tunawa. Ya girma, ya yi aure, ya koyi abin da ya koya a waya da wajen abokai. Wata bakwai yana tara kayan ɗaya bayan ɗaya, yana so ya buɗe ɗan shago inda zai riƙa cike wa 'yan kasuwa takardu da buga hotuna.

Ranar Talata ya gama ɗaure komai, aka kira shi jana'izar surukinsa a Kalmalo kafin ya kunna. Ya bar akwatin kwamfutar a buɗe a ɗakin zaure. Na shiga neman buta, na tsaya kallo. Akwai wani faffaɗan allo kore wanda komai ke hawa kansa, yana tsaye bisa wasu 'yan ƙafafu na tagulla. Tsakaninsa da ƙarfen akwatin akwai sarari, ɗan yatsa zai kusa shiga. Na danna tsakiya, ya ɗan lotsa. Na tuna a kan mashin za a kai shi shago, na tuna ramukan hanyar kasuwa. Na ɗauko marfin gwangwanin tumatir, na ninke shi uku, na tura shi can ƙarƙashi da tsinken tsintsiya har ya ɓace. Na sake dannawa, bai motsa ba. Na fita ina jin na yi masa alheri a ɓoye.

Washegari da hantsi ya kira mu, ni da uwarsa. Ya yi bisimilla ya danna. Fankar ciki ta yi rabin juyi ta tsaya. Ya sake dannawa, ko motsi.

"To, ta gaishe mu dai," in ji uwarsa. "Mi kake so kuma?"

Bai yi dariya ba. Ya canza soket, ya canza waya. Ya ce wataƙila batirin sola ne ya yi sanyi, ya aro janareta a maƙwabta. Rabin juyi, shiru. Ya zare wasu sanduna biyu sirara da yake kira ram, ya goge bakinsu da magogin fensir, ya mayar da ɗaya, ya mayar da ɗayar. Ya cire wani batir mai kama da kwabo ya jira ya mayar. Ina zaune a kan tabarma da carbi, zafi yana sauka daga kwano kamar ana zuba shi.

Ranar farko ban kawo marfin a raina ba, Allah ne shaida. Sai rana ta biyu, da ya ciro akwatin wutar kwamfutar ya haɗa bakin wayoyi biyu da lanƙwasasshen ƙarfe, fankarsa ta tashi lafiya lau. Ya ce, shi kaɗai yake magana, "Wuta lafiya take. Kamar wani ƙarfe na taɓa inda bai kamata ba." Ya haska ciki da fitilar waya, ya girgiza akwatin ko noti ya faɗa. Ba abin da ya yi ƙara. Na iya ciko.

Nan marfin ya faɗo mini a rai. Na ce wa kaina wataƙila ba shi ba ne. Na ce bari ya fita in zare abina, to bai fita ba sai masallaci, kuma tare muke zuwa. Gaskiyar ita ce ban san yadda uba ke buɗe baki ya ce wa ɗan farinsa ya yi ɓarna ba. Ban taɓa ganin an yi ba.

Ranar Juma'a ya daina cin abinci sosai. Ya kwance wayoyin nan ya sake jerawa ban san sau nawa ba, yana duba waya, yana share gumi da gefen riga. Matarsa ta aiko da kunu ya huce a inda aka ajiye. Ni ma na gaji, ko da yake ba abin da na ɗaga.

Asabar bayan azahar na tarar ya ɗauko kwalayen da kayan suka zo ciki. Ya ce akwai wani a Sakkwato da zai karɓi kayan, shi zai koma ɗaukar albasa.

"Kun daɗe da faɗa, Baba," ya ce, bai dube ni ba. "Hannun wanga ba na aiki ba ne."

Da ya yi tsawa da ya fi mini sauƙi. Na zauna a bakin ƙofa, na ce, "Kai. Kwance allon nan ka duba ƙarƙashi."

"Mi ke ƙarƙashi?"

"Ni na sa. Ran da ka tafi Kalmalo."

Ya daɗe yana kallona, abin da ba ya yi. Sannan ya ɗauki sukudireba ya kwance notin guda shida, ya ɗaga allon. Marfin na nan kwance, gefe ɗaya ya yi baƙi. Ya ɗauke shi da yatsa biyu ya juya shi.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Tun shekaranjiya."

Ya ɗora allon a kan kwali, ya jona wuta da ram ɗaya kawai, ya taɓa. Fankar ta juya, ta ci gaba da juyawa. Wani abu ya yi ƙara sau ɗaya, rubutu ya fito a gilashin kwamfutar. Uwarsa ta leƙo tana hamdala, ta ga fuskokinmu, ta koma.

Ramuka biyu na bayan allon, inda ake jona wayoyi, sun ƙone, har yau ba sa aiki, yana lallaɓawa da sauran. Bai kai kayan Sakkwato ba. Ya buɗe shagon bayan bikin sallah, kuma a hannu ya rungumi akwatin ya kai shi da ƙafa. Yana gaishe ni safe da yamma kamar kullum, yana durƙusawa. Sai dai ya sayo kwaɗo, duk lokacin da ya kawo aiki gida zai fita, yakan kulle ɗakin zaure ya sa makullin a aljihu. Ban tambaye shi dalili ba.