Shafin da Aka So a Cire daga Littafin Yaya Haruna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Malam Haruna makwancinsa a ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa, kuma har yau bai bar ni na huta ba.

Malamin firamare ne mai kaifin baki. Tun yana kwalejin horon malamai ya kamu da karatun littattafan da Turawa suka rubuta kan zamanin da sojojin Jamus suka mamaye ƙasashensu irin su Faransa, na tarihin rayuwa da na ƙirƙira. Ya karanta da yawa, ya raina yawancinsu. Yakan ce mana a gindin tsamiya, "Kowane marubuci shi ne jarumin da ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaki. To wa ya nuna wa soja ƙofa? Wa ya saki labule ya yi shiru? Gari guda a ce babu matsoraci ko ɗaya?" Na ƙirƙirar ma bai ƙyale su ba. Wai suna sa mai jin yunwa yana ta zuba zance, alhali wanda yunwa ta ci ba ya son magana. Mu dai dariya muke yi, muna cewa ina ruwan manomin gero da Faransa.

Sai shekarun fari suka zo. Maƙwabcin gonarmu Audu, Kirista ne daga unguwar Maguzawa, ya yi binne, wato ya shuka irinsa a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. Aka yi ɗan yayyafi, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi. Da hantsi ya zo ƙofar gidanmu neman abin da zai sake shukawa. Ina tsaye. Damin iri biyu ne a rumbunmu, kuma a gidanmu ba a taɓa damin iri ko da yara na kuka. Yaya ya dubi ƙasa ya ce, "Wallahi Audu, rumbu sai ƙaiƙayi." Ni ma ban ce uffan ba. Kafin kaka Audu ya kwashi iyalinsa ya yi kudu. Daga baya muka ji ƙaramar 'yarsa ta rasu a hanya.

Daga ranar Yaya bai ƙara sukar littafin kowa ba. Ashe nasa ya koma rubutawa a ɓoye.

Bana 'ya'yansa suka shirya buga shi. Babban ɗansa Nasiru ya kawo mini rubutun, ya buɗe wani shafi ya ce, "Baffa, wannan dai a cire shi. Mutuncin gida ne." Na karanta. Yaya bai rage komai ba: damin nan biyu, rantsuwar ƙarya, har da cewa ƙanensa na tsaye. Gaskiya na so a yage shi, kuma ba don mutuncin mamaci ba, don nawa. Na ji haushin Yaya sosai.

Kwana uku ina juya maganar. Na tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga zamanin nan, da kowa ke ba da labarin wahala a waya, kuma a kowane labari mai bayarwar ne ya ciyar da unguwa. Na san amsar, a gindin tsamiya na sha jin ta.

Yaya bai bar dukiya ba, ɗalibansa ma sun tsufa. Abin da ya bari shi ne shafi guda da ya auna kansa da mudun da ya auna Turawa. Na ce wa Nasiru a buga shi yadda yake. Layi ɗaya kawai na ƙara a ƙasa da hannuna: ni na ɗaure damin nan biyu, na san suna ciki.