Kujerar Baba Sule

Har yau ban manta da Larabar da Nazifi ya shigo garejina da jar motarsa ba. Lokacin na daɗe ina aikin ƙafar mota a Daura, wato shokozoba da sifirin da duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota. Nazifi malamin makaranta ne, amma ko yana aji hankalinsa na kan totur. Bayan an fara Shari'a manya sun tsawata kan wasan mota a wurin biki, sai samari suka koma wani fili a bayan gari, duk Asabar suna gwada gudu da shan kwana. A can yake son ya yi suna.

Ya ce, "Oga Habu, motar nan kwanciya take yi a kwana. Me za a sa mata?"

Na ce masa abu biyu ne. Akwai shokozoba mai ɗan kunne da ake murɗawa: sifirin ɗin motar na nan yadda yake, tsayinta ba ya canzawa, in ka murɗa dama ta yi tauri, in ka murɗa hagu ta yi laushi. Akwai kuma wanda ake ce wa koyiloba, shokozoba ne da nasa sifirin mai tauri a jikinsa, da zare irin na noti, ka yi ta sauke mota har ta kusa lasar ƙasa.

To ku ji gaskiya, ni na zaɓa masa. Shekara da shekaru akwai hoton koyiloba manne a bangon garejin nan. In aiki ya lafa bayan azahar sai in kishingiɗa a benci in zuba masa ido, in riƙa hango wata mota da na ɗaura wa shi tana sulalawa ƙasa-ƙasa, jama'a na tambayar wane bakanike ne ya yi wannan aiki. Da Nazifi ya ce in ba shi shawara, mafarkina na sayar masa. Aka kawo kayan daga Kano, na ɗaura, na auna tsayin kowace taya har sau uku. Ranar Asabar kuwa motar ta sha kwana ko rangaji ba ta yi ba. Daɗi kamar ya kashe ni.

Bayan mako uku ya dawo, fuska ba walwala. Na ce, "Lafiya, Malam? Wani abu ya kwance?"

Ya ce, "Ba abin da ya kwance. Baba ne ya daina shiga motar."

Baba Sule mahaifinsa ne, tsohon direban babbar mota, idonsa ya tafi, bayansa kuma ya gaji. Duk Juma'a in an sauko masallaci Nazifi kan kai shi Dutsi, mahaifarsa, ya yini da yayarsa da ta rage masa. Fitar da ta saura masa a duniya ke nan. Kuma na sani, wallahi na sani, don ta gaban garejin nan suke wucewa ina ɗaga musu hannu. Amma da nake awo ko sau ɗaya tsohon bai faɗo mini a rai ba.

Na wanke hannu na tafi gaishe shi. Na same shi a soro kan tabarma. Na durƙusa na ce, "Baba, an ce ka daina zuwa Dutsi."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Habu, kai ne ka taɓa ƙafar motar ko? Aikinka ya yi kyau. A da hanya hira take yi da ni, yanzu kuwa dukana take yi. Ka bar yaron ya more abinsa, ni na ga nawa zamanin."

Kunya ta rufe ni. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da na koma gareji, Nazifi ya tambaya ko ɗaga motar zai wadatar. Na ce a'a, ko an ɗaga ta sifirin ɗin na nan da taurinsa. Na kuma gaya masa in muka koma mai kunne, za ta ɗan riƙa kwanciya a kwana, wasu za su wuce shi. Ya shafa murfin motar, ya ce, "Cire." Muka mayar da tsohon sifirin, na ɗaura mai kunne, na nuna masa: Asabar dama, Juma'a hagu.

Juma'ar nan da ni aka tafi, ina gaba, Baba Sule yana baya. Damina ce, gero ya yi tsayi a dama da hagu, iska mai ƙanshin ƙasa na shigowa ta taga. Da farko ya riƙe kujera gam. Can sai na ji yana magana a hankali, kamar mai ba kansa labari: "Nan ne kwalbatin farko. Yanzu za mu gangara. Akwai tsamiya a hannun dama, in ba a sare ba." Na duba, tsamiyar tana nan. Haka ya yi ta kiran wurare, murya na ƙara yin ƙasa, har ta ɗauke. Na waiwaya, ashe barci ya kwashe shi, hularsa ta karkace. Nazifi ya kalle shi ta madubi, ya sassauta totur, muka tafi a hankali har muka shiga Dutsi.

Koyiloban nan shi ne kuke gani rataye kusa da hoton, kuna ta tambayata me ya sa ba na sayar da shi. Kaya ne mai kyau, ba laifinsa ba ne. Laifin nawa ne, da na auna mota ban auna mutanen cikinta ba. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini aikin ƙafa, kafin in ɗauki sifana nakan tambaye shi, "Wa ke zama a baya?"