Na Rufe wa Mahaifiyata Rana

A shekarar da aka hana mutane fita saboda cutar korona, ina da shago a Kasuwar Jalingo inda nake sayar da littattafan addini da dardumai da tasbaha, da yamma kuma ina karantar da magidanta a zauren gidanmu da ke unguwar Turaki. Hannuna ya fi sabawa da ajami, don haka masu karatu su yi mini uzuri idan bokon nawa ya yi ɗingishi. A lokacin ana ganin girmana a unguwa, ni ma kuma ina ganin girman kaina fiye da yadda ya kamata. Gidan na gado ne, ɗakuna kewaye da 'yar tsakar gida, ina zaune da maiɗakina da yaranmu da mahaifiyata, wadda muke kira Dada. A kanta wannan labari yake, kuma da izininta na rubuto shi.

Dada ta manyanta, kunnenta ya yi nauyi har ba ta jin kiran salla, amma ƙafafunta garau suke. Ita ke share tsakar gida, ita ke kula da kajinta. In ta idar da asuba ta yi lazimi, sai ta jawo kujerarta jikin bango ta sha hantsi tana tsinke zogale ko tsintar shinkafa. Ba ta taɓa ɗaura agogo ba. Inuwar bango ce agogonta: in ta taɓa gindin randa ta san azahar ta yi, in ta haye ƙofar madafa ta san la'asar ce, kuma ban taɓa kama ta da kuskure ba. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta faɗin sunana. In tana son zolayata sai ta kira ni Modibbo, wato malam da Fulatanci, tana jan sunan.

A wannan shekarar ne maƙwabcinmu na yamma ya gama gininsa. Ma'aikacin gwamnati ne, Kirista, mutumin wajen Takum. Bene ya yi, kuma taga ɗaya ta sama tana kallon tsakar gidanmu kai tsaye. An ce mini ya zo gaishe ni lokacin da zai fara ginin bai same ni ba, ni kuma ban bi sawu ba. Ranar da na ɗaga kai na ga tagar nan, zuciyata ta tafasa. A tsakar gidan nan iyalina ke alwala, nan suke wanki, nan suke zama ba mayafi. Na kai ƙorafi ƙofar masallaci, na kai kasuwa, na faɗa wa kowa ban da mai benen. Wasu suka ce in same shi mu yi magana, ko in haɗa da mai unguwa. Na ce ni ba zan je roƙon mutum ya bar mini suturar iyalina ba. Daga ranar na daina amsa gaisuwarsa. Na kira kafinta ya rufe tsakar gidan da kwano tun daga wannan bango har wancan, na sa ya toshe gefe-gefen ma, yadda ko tsuntsu ba zai leƙo ba.

Maiɗakina ta tambaye ni a ina za ta riƙa shanya, na ce a ɗaura igiya a zaure. Dada kuwa ta tsaya tana kallon kafinta yana buga ƙusa ta ƙarshe, ta ce wai Modibbo ya gama karatun littattafai ya koma sana'ar kifin gwangwani, saura ya zuba mana mai. Aka yi dariya, ni ma na yi. Da gidan ya yi duhu sai na sa aka haɗa sola, aka jera fararen ƙwayaye masu haske ƙal a tsakar gida da ɗakin Dada, aka ƙara da fanka saboda zafin kwano. Tunda hasken ba na biya ba ne, kuma ina tsoron kada ta yi tuntuɓe in ta fito da dare, sai na ce kada a riƙa kashewa. Haka gidanmu ya zama babu dare babu rana, haske iri ɗaya ne daga wannan Juma'a zuwa waccan. Ni da yara ba mu ji komai ba, don tun da aka sassauta dokar korona muna fita, maiɗakina ma takan leƙa maƙwabta da cefane. Dada ce kaɗai ba ta zuwa ko'ina.

Zakaranta ne ya fara nuna alama. Ya koma cara a kowane lokaci, da tsakar rana, da magariba, da bayan an kwanta. Na ce wannan ba alheri ba ne, na sa masa wuƙa. Dada ta ƙi cin naman. Ta ce zakaran bai yi laifi ba, ni na ɓata masa lissafi sannan na yanke masa hukunci. Na ɗauka maganar tsofaffi ce.

Abin bai zo mata farat ɗaya ba, shi ya sa ban farga ba. Da farko gyangyaɗi take yi da safe a kan kujera. Daga nan ta koma barci mai nauyi da rana, da dare kuma ido biyu, tana kai da komo. Takan nemi koko bayan isha'i, ta yi faɗa wai an hana ta karin kumallo. Maiɗakina ta sha samunta tana sallar azahar lokacin da gari ke barci. In an gaya mata lokaci sai ta yi musu, ta ɗaga kai sama neman shaida, ba ta ganin komai sai kwano. Sannan ciwon jiki ya shigo, baya da cinyoyi da ƙugu, har ta kai in ta yi sujada sai an kama ta ta tashi. Zolayar nan duk ta ɗauke. Wata rana na shiga gaishe ta na tarar tana hawaye, ta ce ba ciwon ne ya dame ta ba, ita dai ba ta san salloli nawa ta zubar ba, kuma ba ta san da wace fuska za ta tsaya gaban Ubangiji ba. Na ba ta haƙuri da cewa Allah ba ya kama wanda hankalinsa ya gushe. Ta dube ni ta ce ashe har na yanke cewa hankalinta ya gushe, to ita ma sai in kawo wuƙar.

Dangi suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, ni na ce ruɗewar tsufa ce. Na yi mata rubutu, na yi tofi, na sa aka yi sauka. Ban yi nadamar ko ɗaya ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Nadamata ita ce ina roƙon Allah ya yaye mata abin da ni na buga da ƙusa a saman kanta.

A damina ta biyu bayan rufin ne Dada ta faɗi. Tunda rana ba ta shiga, wurin alwala ba ya bushewa, gansakuka ta kama simintin. Ta fito da butarta, santsi ya kwashe ta. Ina kasuwa, wayata kuma tana wurin caji. Maiɗakina ta rasa yadda za ta yi, ta ruga ta buga ƙofar mai bene. Shi ya shigo gidan da na rufe dominsa, ya ɗauki mahaifiyata a hannu ya sa a motarsa ya kai asibiti. Da na iso na same shi tsaye a baranda, ya tare ni da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, yana cewa Mama ya faɗi amma yana magana, in kwantar da hankalina. Na ce masa sannu, fuskata na kallon wani wuri, na wuce. Bayan haka ya zo dubiya da matarsa da kwanon abinci, ina hango su na zame ta ɗaya ƙofar.

Ƙashin ƙugunta ne ya karye, aka yi mata aiki. Gadon da aka ba ta yana bakin taga mai kallon gabas, da dare kuma ana rage fitilun ɗakin. Ba a jima ba sai Dada ta fara barci da dare. Ta fara neman a kawo mata dutsen taimama a kan lokaci ba tare da an tuna mata ba, har ta soma tsokanar ma'aikatan jinya wai allurarsu ta fi ta ɗinkin buhu kauri. Muka ce alhamdulillahi, magani ya karɓe ta. Aka sallame mu muka dawo gida, kafin wata ya zagayo ta koma gidan jiya.

Da muka mayar da ita a duba aikin, likitar, wata matashiya mai haƙuri, ta saurari bayanina, sannan ta tambaye ni a ina Dada ke wuni, kuma yaushe rabonta da rana ta taɓa jikinta kafin faɗuwar. Maiɗakina ce ta faɗi gaskiya. Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce jikin mutum yana da nasa lissafin lokaci, hasken safiya da ke shiga ido ne ke daidaita shi, duhun dare kuma shi ke sanar da jiki ya saki barci. In aka hana mutum na farko aka kuma hana shi na biyu, dole ya rikice, balle tsoho. Ta ce kuma rana in ta taɓa fata tana sa jiki ya samar da wani sinadari da ƙashi da tsoka ke buƙata, rashinsa na kawo irin ciwon jikin nan, ya sa ƙashi ya yi rauni. Ta ƙara da cewa shekaru ma suna da nasu kaso, kada in ɗora wa kaina duka. Ta rubuta magani, ta ce a riƙa fitar da ita hantsi, ba ranar tsaka mai ƙuna ba, a kashe fararen fitilun nan da dare, a bar ƙarama mara ƙarfi a hanyar bayi.

Washegari na kira kafintan nan ya cire abin da ya buga. Da kwanon farko ya tashi, haske ya faɗo a kan simintin, sai na ga irin dattin da muke zaune a ciki ba mu sani ba. Barcin Dada ya dawo a hankali, lissafin sallarta ma ya dawo, ta kuma yi ta ramuwa iya ƙarfinta. Ƙafar ce ba ta dawo ba. Yau da sanda take tafiya, a zaune take salla, tsintsiya kuwa ta bar ta har abada.

Abin da na koya shi ne, dare da rana ba ado ba ne Allah ya yi wa duniya, abinci ne na jiki kamar tuwo da ruwa, sai dai yunwarsu ba ta kuka. Yanzu sola ta wadata, gine-gine sun matse, kowa na rufe tsakar gida saboda ɓarayi ko idon maƙwabta. Ba na cewa kada a nemi sutura. Amma duk mai tsoho a gida, ko mara lafiya, ko mai jego, ko duk wanda ba ya fita, ya tambayi kansa yaushe rabon mutumin nan da hantsi, kuma yana samun duhun da zai yi barci a ciki. Mai fita kullum ba zai gane ba, don shi yana shan rabonsa a hanya. Kuma in abu ya haɗa ka da maƙwabci, ka fara da ƙofarsa kafin ka kira kafinta.

Wannan na ƙarshen ban yi shi da kaina ba, Dada ce ta tura ni. Ta ce mutum ya ɗauke ta a hannu kamar uwarsa, ni ko na gode ban ce masa ba, wannan bashi ne a wuyana, kuma ba ta son ta mutu ta bar ni da shi. Na yi ta jan ƙafa har wata Asabar bayan la'asar na je na yi sallama. Ya karɓe ni da malam, malam, ya kawo ruwa. Na fara kame-kame a kan maganar taga, sai ya ce in taso. Ya hau da ni sama zuwa ɗakin. Wata ƙatuwar durowar kaya ce jingine da tagar, ta rufe ta ruf. Ya ce tun ranar da suka tare matarsa ta leƙa ta hango Mama tana alwala, ta ce wannan bai dace ba, suka tura durowar, ɗakin ya zama na ajiya saboda ba iska. Ya ce ya so ya gaya mini, amma ya gaishe ni na ɗauke kai, ya sake na ɗauke kai, shi ma zuciya ta ɗebe shi ya ce in yi ta rufewa. Ranar da ya shiga ɗaukar Mama ya ga yadda gidan yake, ya san shirunsa ma yana da hannu a ciki.

Na ce masa na zo da abu biyu, godiyar da na riƙe masa, da neman gafarar abin da na faɗa a kansa a bayan idonsa, wanda ya ji da wanda bai ji ba. Ya ce wanda ya ji ma ya ishe shi, ba sai na ƙaro ba, ya yi dariya. Sannan ya ce ya yafe, ni ma in yafe. Ya miƙo hannu, na kama da hannu biyu. Muka sauko, shi a gaba, saboda ban saba da matakala ba.