Mai Alli a Yatsu, a Shagon Bindiga

Shekara talatin Zarwali yana sayar da bindigogi a kasuwar Darra, amma bai taɓa ganin mai saye irin wannan dattijon ba. Gilashinsa ɗaure da zare, farcensa duk alli. Malamin makaranta ne, ko tantama babu, wataƙila tasu makarantar na cikin waɗanda 'yan bindiga suka aika wa takardar barazana.

Ko ƙarfin harbi bai tambaya ba. Da yatsu biyu ya ɗauki wata ƙaramar bindiga kamar mushen ɓera, ya cusa ta cikin falmaran, ya juya baya, ya ɗaga hannu yana rubutu a iska.

"Lala, ana ganinta? Kada yara su gani," ya ce wa Zarwali, yana kiransa Lala, wato yaya.

"Ba a gani, Ustaz," in ji Zarwali. "Amma fita ka gwada ta mana, ai ba carbi ba ce."

Sai ga wani a shagon gaba ya saki harsashi sama, yadda kowane mai saye yake yi. Dattijon bai kai hannu ga falmaran ba. Hannuwansa ya ware, yana kare ɗaliban da ba sa wurin.

Zarwali ya sunkuyar da kai, yana naɗe masa harsasai a jarida.